Keken Ɗanlami Har Haraji Nake Biya Masa

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Isaka tela, daga Nima.

Ni da ƙanena Ɗanlami muke riƙe da shago, keken ɗinki biyu. A farkon shekara na shiga intanet na yi kiyasin abin da za mu samu, don harajin nan da ake biya tun kuɗi ba su shigo hannu ba. Aikin mutum biyu na lissafa, har da ɗinkin Sallah, na fara biya.

Ba a jima ba Ɗanlami ya tafi Tawa jinyar tsohuwarmu, ya ce kafin azumi zai dawo. Azumi ya wuce, layya ta wuce. Tsohuwa ta warke, shi kuwa kullum sai, "Yaya, wata mai zuwa."

A ofishin haraji wata ma'aikaciya ta ce mini, "Baba, ka ɗora wa kanka da yawa. Koma intanet ka rage kiyasin, rarar da ka biya ba za ta ɓata ba." Na buɗe waya, na rubuta sabon adadi, wallahi yatsana ya ƙi dannawa. In na rage, na yarda ke nan ni kaɗai na saura a shagon.

Matata ta ce wauta ce. Masu sauraro, in danna ko in ƙara jira?

Ɗanlami, na san kana jin shirin nan a waya. Kekenka kullum sai na zuba masa mai, har haraji nake biya masa. Ka dawo ka hau abinka.