Masu Tambayar Vernon

A ɗakin jiran likitan ido a Duluth, wata tsohuwa tana amsa waya, muryar mai kiran na fitowa fili. Mutumin da ke gefenta ya kasa haƙuri.

"Mama, kashe wayar nan. Banki ba ya tambayar lambar sirri. Ɓarayi ne."

Ta kashe. "Na sani, ɗana. Duk Talata suke kira, wai katin bashin Vernon ya samu matsala."

"Wane ne Vernon?"

"Maigidana. Bara ya rasu."

"Allah sarki. To ki sa banki su rufe katin mana. Wata rana za su same ki a gajiye, ki karanta musu lambar, su yashe ki tas."

"Haka 'yata ta ce. Har ta cike min takardar. Watanta huɗu a jakar nan."

"To me kike jira?"

Ta daɗe tana juya wayar a hannunta.

"A coci an daina ambatonsa. Yara ma ba sa kiran sunansa, wai kar in yi kuka. Waɗannan kaɗai ke cewa, 'Vernon yana nan?' Ni kuma sai in ce, 'Ya ɗan fita.'"