Tambarin Burodi

Shekarar da sojojin Jamus suka mamaye kudancin Italiya, Nunziata na tsaye a layin tandar gari da katakon ƙullu a ka. Kowane gida na buga tambarinsa a kan burodinsa, wani sojan Jamus kuma yana bakin tanda yana ƙirgawa. Wani tsoho da ba ta sani ba ya matso.

"'Yata, baƙaƙen kayan nan na takaba ne?"

"Na mijina ne, Baba. Ina ruwanka?"

"Mace ɗaya, burodi biyar? Cikin naki rijiya ne?"

"Na surukaina ne."

"Da tambari ɗaya? Ni da ba na gani sosai ma na lura, balle wancan mai bindiga. Jiya a unguwarmu, a kan burodi uku suka haura benen wata mata, suka sauko da sojan Ingila. Ita ma ba su bar ta ba."

"Don Allah rage murya! Ni babu kowa a gidana. Kuma su ba 'yan Ingila ba ne, namu ne da suka gudu daga..." Ta kama bakinta.

Saura mutum uku a gabansu. Tsohon ya zaro tambarin katako daga aljihu.

"Sauke, in shafe naki in buga nawa a kan huɗu."

"In ya tambaye ka masu ci fa?"

"A takardarsu har yanzu mu shida ne. Ba su san bam ɗin jirgin Amurka ya bar ni ni kaɗai ba."