Garin da Ruwa Ya Ci a Hankali

A layin ganin likitan kunne, wata dattijuwa ta dubi mutumin da ke kusa da ita, kunnensa toshe da auduga.

"Sannu, ɗan nan. Mari ka sha?"

"A'a, Baba, nutso ne. Aikinmu tono tsofaffin garuruwan da ruwa ya binne. Yanzu muna kan wanda ke ƙarƙashin tafkin nan."

"Kai! Ai garin kakanninmu ne! A wuni ɗaya ruwa ya haɗiye shi saboda rowar mutanensa. Kakan kakanmu kaɗai ya tsira, don shi mutumin kirki ne. Daga shi sai wandonsa ya fito."

"To, Baba, mu dai ba mu ga ƙashin mutum ko ɗaya ba. Ɗakunan wayam, har ƙofofi an ciccire. Da alama a hankali ruwan ya riƙa hawa, shekara da shekaru. Kowa ya kwashe kayansa a tsanake ya yi gaba."

"Kowa da kowa?"

"Har da duwatsun niƙa."

Ta juya carbinta.

"Wato gari duk ya tashi, shi kakan namu yana kwance, sai da ruwa ya iske shi a gado?"

"Ni ban ce ba, Baba."

"Ba sai ka ce ba. Jininsa na nan a gidana. Autana ne ya kamata ya rako ni asibitin nan, har yanzu bai farka ba."