Rishon Clive a Ɗaurin Auren Tegan

Noeline: Halo? Wa ke magana?

Merle: Yaya, ni ce, Merle. Kina ji na?

Noeline: Ina jin ki kamar daga cikin rijiya. Ina wuni, uwar amarya?

Merle: Lafiya lau. Ya gwiwar taki?

Noeline: Da sauƙi. Likita ya ce in riƙa takawa daga ɗaki zuwa kicin, ni kuwa dama iyakar yawona ke nan. Ya gajiyar hawan dutse?

Merle: Tana nan a jiki. Ya Keith?

Noeline: Mijin nawa yana gaban talabijin ana wasan kurket, ko rufin gida ya faɗo ba zai waiwayo ba. Ya naki mijin, Clive sarkin jeji?

Merle: Yana lafiya. Lafiyar ma ta yi masa yawa.

Noeline: Ya amarya Tegan? Ya angonta Rowan? Ya dangin ango?

Merle: Duk lafiya. Yaya, a kan wani dutse nake tsaye da ƙafa ɗaya, nan ne kawai waya ke kamawa, bari in...

Noeline: To, madalla. Kek ɗin fa? An yaba? Ban yi rowar man shanu ba.

Merle: Kek ɗin yana mota.

Noeline: Ya kai mota? Saura aka yi?

Merle: Bai bar motar ba tun farko. A inda aka ajiye motoci Clive ya fito da ma'auninsa mai ƙugiya, ya rataya jakar kowa. Da ya zo kan kek ɗinki ya ce nauyinsa ya kai na tanti biyu, ba mai hankalin da zai hau dutsen Tasmaniya da shi.

Noeline: Kek ɗin da na tsaya a kan gwiwar da aka yi wa aiki na haɗa? To me baƙi suka ci?

Merle: Busasshen abincin nan na leda da ake zuba wa ruwan zafi. Ki bar maganar kek, Yaya, amarya ce ta faɗa.

Noeline: Ta fasa? Ai na faɗa muku, yaron nan idonsa...

Merle: Ba fasawa ba! Faɗawa ta yi, cikin tafki.

Noeline: Tafki kuma? To koma farko. Dama ni tun da aka ce a kan dutse za a ɗaura aure don a nan suka haɗu, na ce mutane nawa suka haɗu a asibiti amma suka yi aure a coci.

Merle: Kin dai san rishon Clive.

Noeline: Wanne daga ciki?

Merle: Sabon. Ɗan mitsitsin da bai kai dunƙulen hannu ba, mai ƙafafu kamar na fara. Wanda yake cewa fetur, kananzir, dizal, duk abin da aka ba shi yana sha. Tun da an hana hura wutar itace a dajin nan, ya ce shayin biki gaba ɗaya a wuyansa. Shi kuma Warwick, uban ango, ashe shi ma mai irin ciwon ne. Nasa rishon wani ɗan kofin tagulla ne da ake zuba wa sifirit a ƙyasta ashana. Tun daga gindin dutse suke musu. Clive ya ce na Warwick sai jariri ya yi gemu kafin ruwa ya tafasa. Warwick ya ce na Clive ba risho ba ne, injin jirgin sama ne da aka yanke wa fukafukai.

Noeline: A nan kam na bi bayan Warwick.

Merle: Tegan ta san halin ubanta. Ta sa shi ya yi alkawari ba zai dafa komai ba sai an gama ɗaurin aure. Muka jeru a bakin tafki, ita da farar riga a kan takalman hawan dutse, kyakkyawa da ita, har na fara hawaye. Matar da ta zo ɗaura auren ta buɗe baki ke nan, sai na ji ana buga famfon risho a bayana.

Noeline: Alkawarin fa?

Merle: Ya ce shi dafawa ya yi alkawarin ba zai yi ba, wannan ɗumama risho ne. Kin san sai ya tsiyaya mai ya cinna, harshen wuta ya tashi ya wuce kansa, sannan ya lafa ya fara ruri. Yaya, rurin nan ya cika kwarin. Muna ganin bakin Rowan yana motsi, ba wanda ya ji ko kalma. Mai ɗaurin auren ta juya ga shaidu ta ce sun ji ango ya amsa? Suka ce me ta ce? Ta rufe littafinta, ta ce ita ba ta ɗaura auren da shaidu ba su ji ba, a sake.

Noeline: Kunya ba ta kashe shi ba?

Merle: Clive? Cewa ya yi a ɗan jira ruwan ya tafasa tunda an riga an ƙona mai. Sai da Tegan ta dube shi irin kallon nan na Mama sannan ya kashe. Warwick kuwa sai murmushi, ya ce ai nasa tun ɗazu yake ci, ba wanda ya ji motsinsa. Ya ajiye shi a bayan wani dutse, dab da inda amarya take tsaye, wai don iska.

Noeline: Halo? Merle? Kin ɓace.

Merle: Ina nan, iska ce. Na ce aka fara karo na biyu. Wutar sifirit ba a ganinta da rana. Warwick ya leƙa kofin ya ga kamar ta mutu, ya ƙara zuba mai, abin ya tashi, ya razana ya shure kofin. Wuta ta kama gefen rigar Tegan.

Noeline: Buta ta kama me?

Merle: Wuta, Yaya, wuta! Ba wanda ya gani, ƙauri kawai muka ji. Rowan ne ya lura rigar na narkewa daga ƙasa. Bai tsaya tambaya ba, ya sure ta ya jefa cikin tafkin.

Noeline: Wayyo 'yata. Ta ƙone?

Merle: Safa mai kauri ta cece ta, ko tabo babu. Ruwan ne ya so ya kashe ta. Kin san sanyin ruwan saman dutsen nan ko a watan Disamba da muke lokacin zafi. Muna fito da ita hadari ya rufe mu, ƙanƙara ta fara sauka. Muka cire mata jiƙaƙƙun kaya, muka sa ta cikin jakar barci a tanti. Da farko tana rawar ɗari tana zagin kowa, hankalina a kwance. Can sai zagin ya tsaya. Leɓenta ya yi shuɗi, maganarta ta koma kamar ta mai maye, ta ce a bar ta ta yi barci. Mota kuwa tafiyar rabin yini ce daga nan, jirgin ceto kuma ba zai tashi cikin wannan hadarin ba.

Noeline: Merle, gaya mini tana raye.

Merle: Tana raye, ga ta can tana cin biskit. Amma a lokacin ban san haka za ta ƙare ba. Warwick ya yi ta ƙyasta ashana iska na hurewa. Clive ya girgiza kwalbar fetur ɗinsa, ta kusa ƙarewa, don a ƙididdige ya zo da shi saboda nauyi, ya kuma ƙona rabi a wajen ɗumamawa. Sai ya zaro wata kwalba. Ashe da safe ya zuƙi dizal daga motar Warwick, don kawai ya nuna masa rishon na shan man motarsa.

Noeline: Ɓarawon mai kuma ya zama?

Merle: Satar ce ta yi rana. Ya durƙusa a bakin tanti, ƙanƙara na dukan ƙeyarsa, ya warware rishon, ya sauya masa ɗan hancin da mai ke fita, ya sake ɗaurewa. Tun da na aure shi ban taɓa ganin ya taɓa risho bai yi lacca ba sai yau. Da rurin nan ya tashi, Yaya, ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Ya cika gorunan ruwa da ruwan zafi, muka naɗe su da safa muka cusa mata a hammata da ƙirji. Ya haɗa shayi da sukari mai yawa, ya riƙa ba ta da cokali, yana ce mata, "Sha, 'yar Baba, sha." Can ta buɗe ido ta ce shayin warin dizal yake. Sai ya fashe da kuka.

Noeline: Allah sarki, Clive. Ni ma ka sa ni hawaye. To auren fa?

Merle: An ɗaura. Mai ɗaurin auren ta ce gobe tana da wani a garin Launceston, yau ko babu. Amarya na cikin jakar barci, fuska kaɗai ake gani, shaidu sun cuso kai ta ƙofar tanti. Ba kuma wanda ya yarda a kashe risho. Sai mai ɗaurin auren ta ce to a ɗaga murya. Rowan ya kurma ihun "Na yarda" har tsaunin da ke tsallake ya amsa masa.

Noeline: To ai sai godiya. Me ya sa muryarki take kamar ta wadda aka yi wa rasuwa?

Merle: Yaya, ba ki gane ba. Shekara da shekaru abin da nake riƙe da shi a gidan nan ke nan, cewa rishon nan shirme ne. Yau ya yi gaskiya a gaban dangi biyu. Hadari na washewa bakinsa ya buɗe. Ya ba da labarin har ban san sau nawa ba, ga mutanen da aka yi abin a gabansu, kuma kowane zagaye ƙanƙarar ƙara zurfi take. Ɗazu a idon sawu take, yanzu ta kai ƙugu. Warwick ya tuba, yana zaune a gabansa kamar ɗan makaranta yana koyon buga famfo. Matar Warwick ta ja ni gefe ta ce ba za ta yafe mini ba.

Noeline: Sai haƙuri, ƙanwata. Zai gaji.

Merle: Ba zai gaji ba. Ya ce abincin Kirsimeti na bana a gidanki duk a kan rishon zai dafa, har talotalon, a tsakiyar falonki, don Keith ya gani da idonsa.

Noeline: Falona? Mai sabon kafet?

Merle: Ga shi nan ma yana hawowa, ya hango ni. Ya ce in ba shi wayar, ke kaɗai ce ba ki ji labarin daga bakinsa ba, zai faro miki tun daga ranar da ya sayo shi.

Noeline: Halo? Merle? Ba na ji... layin ya...

Merle: Yaya, ras nake jin ki, har talabijin ɗin Keith ina ji. Kada ki yi mini haka. Yaya? Noeline?