Birkin Hannu Ya Saki a Gangaren Tiga

Assalamu alaikum, Malam mai gabatar da shiri. Sunana Isiyaku Direba daga Burumburum.

Ranar Laraba na ɗauko mahaifiyata a a-kori-kurata za mu Tiga. A hanya tayar baya ta fashe, aka sauya mini. Da muka isa, na tsaya a gangaren dam, na ja birkin hannu, na sauka sayen kifi.

Sai na ji masunta suna ihu, "Direba, motarka!" Ina waigawa na ga mota ta nufi ruwa, Inna tana ciki. Na bi da gudu ina salati. Wallahi Malam, wani ɗan suri ne ya tare tayar gaba, mota ta tsaya cak a bakin ruwa. Ikon Allah! Inna ta farka daga gyangyaɗi ta ce, "Isiyaku, ka samo kifin?" Sai kawai na fashe da kuka.

Bakanike ya duba ƙarƙashi, ya ce a kan wayar birkin aka ɗora jak ɗin ɗaga mota lokacin sauya tayar, ta tsinke. Ya sa sabuwa.

'Yan'uwana direbobi, in an sauya taya ku gwada birkin hannu kafin ku tashi. Ina gaida abokan aikina na tashar Tudun Wada.