Injin Ban Ruwan Kawu Ya Ƙi Tsayawa

Najib: Salamu alaikum, Safara'u!

Safara'u: Amin wa alaikas salam. Bawana ɗan mace, yau an tuna da uwargijiya?

Najib: Ina yini, ya gida? Ya Kawu, ya Inna?

Safara'u: Lafiya lau. Ya birnin? Ya rana?

Najib: Alhamdu lillahi. Ya... ke, kina kusa da gona?

Safara'u: Ina bakinta, na kawo wa Baba fura. Yana ta faɗa, injinka tun safe yake zuba, ruwa ya kusa hawa kan irin albasarsa.

Najib: Wayyo! To saurara. Ƙaramar kwamfutar nan da ke kunna injin, sabon tsari na ɗora mata daga nan Kano. Duk Bagwai ba wanda ya iya wannan sai ni.

Safara'u: To gwani, kashe mana.

Najib: Shiga ce ta gagara. Na sa suna, na sa lambar sirri, ta karɓa, sai ta yi tsit. Baƙin allo, ɗan layi yana ta ƙifta min ido. Na gwada ta waya, na gwada ta kwamfutar Sabiru abokina, duk ɗaya. Halo? Halo!

Safara'u: Ina ji, kana tsinkewa.

Najib: Shiga ɗakin injin. Fitilar akwatin kwamfutar kore ce?

Safara'u: Daga ƙofa dai ina hango kore.

Najib: Yauwa, tana raye, sumewa ta yi. Akwai maɓalli a bayanta, danna ki riƙe har ta mutu.

Safara'u: Ni? Akwatin da ka tara mu ka ce ta san hannunka, duk wanda ya taɓa wuta za ta yi jifa da shi?

Najib: Yau ba za ta ja ba. Na ba ta umarni.

Safara'u: Kai da ka ce ta ƙi kula ka? Najib, bara ka ba ni wayar wuta na riƙe a gidan biki, sai da ɗankwalina ya tashi. Nemi wata taubashiyar.

Najib: Wallahi yau ba tsokana! Sa itace, sa muciya, sa komai!

Safara'u: Baba ya ce a ƙara murya, yana ji. Wai akwatin tana ja, ko ba ta ja?

Najib: Kawu, barka da aiki! Ai... tana ja. Sosai ma. Sai dai banda mata.

Safara'u: Ya ce ba zai gwada da 'yarsa ba. Ruwa fa ya ci kunya biyu.

Najib: Tsaya! Tsaya, allon ya motsa! Ya rubuto barka da zuwa! Na shiga! Ban gaya muku ba? Injiniya ba sai da takarda ba! Yanzu zan... Kai! Ya sake daskarewa. Me kuka taɓa?

Safara'u: Injin ya tsaya, albasa ta tsira.

Najib: Ni na kashe shi ke nan!

Safara'u: Baba ne. Ya ce tunda akwatin tana ja, wayoyin ya sare daga waje. Da gatari.

Najib: Gatari? Wace waya?

Safara'u: Dukkansu. Ya ce ka taho da hannun nan da ta sani, ka...

Najib: Halo? Safara'u! Halo!