Fuskar da Tica Iorkyaa Bai Gani Ba

Muhibbat ta fito! Jama'a, jikata Muhibbat ta fito daga gida yau da safe, da ƙafafunta, babu wanda ya ja ta! Yanzu haka tana zaune a barandar Tica.

Ku gafarce ni. Na san ba haka ake buɗe jawabi a taron tunawa da mamaci ba, na kuma ga Fasto ya ɗago kai yana dubana. Tun safe maganar take cina a rai, in ban fitar da ita ba, ba zan iya karanta ko layi ɗaya ba. Bari in koma in yi abin da ya kamata.

Mai girma wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Mai Unguwarmu, Allah ya ja zamaninka. Fasto da dattawan coci, Malam Liman, tsofaffin malaman makaranta da suka taso tun daga Agyaragu da Shabu. Mama Ngumimi, matar marigayi kuma uwarmu. Terseer da Hembadoon, 'ya'yansa. Dangin da suka zo daga Binuwai. Da ku yaran da kuka cika bayan rumfa kuna leƙe: sannunku da zuwa, ina gaishe ku duka.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Mailafiya, dillalin doya ne ni. An zaɓe ni in yi magana a kan Tica Iorkyaa, wanda ya bar mu shekara guda ke nan, saboda ni ne ɗalibinsa mafi tsufa, kuma mafi taurin kai.

Ya kasance malamin yaranmu da safe, malaminmu da yamma. Gemuna ya riga ya yi fari lokacin da na shiga ajinsa na yaƙi da jahilci. A kan bencin 'yan firamare muke zama, gwiwoyinmu a matse ƙarƙashin tebur, in an tashi sai mun kama juna kafin mu miƙe. Bai taɓa yi mana dariya ba, sai in mu muka fara.

Ya kasance mutum mai doka ɗaya da ba ya sassautawa. In ka karanta shafi, sai ya rufe littafin da tafin hannunsa ya ce, "To, me ya faru?" In ka kasa faɗa da bakinka, ba ka karanta ba ke nan, koma baya. Da Hausa za ka faɗa, da Tibi, da Eggon, da Alago, ko da turancin kasuwa, duk ɗaya ne a wajensa.

Ya kasance wanda ritaya ba ta zaunar ba. Da ya ajiye aiki, sai ya kafa kabad da dogon benci a barandarsa, ya fara ba yara aron littattafai kyauta. A nan ne muka haɗu da littattafan nan bakwai da Hembadoon ta kawo masa, waɗanda yaranmu suka raɗa wa suna 'Yan Hayar Kuka.

Ga baƙinmu da ba su san su ba, labarin wasu marayu biyar ne da wata mata ke riƙo a gida mai doguwar katanga. Ba ta barin su fita sai in wani attajiri ya mutu, sai ta ba da hayarsu su je su yi kuka a wurin makoki, don a ce mamacin mai jama'a ne. Ƙaramarsu ba ta iya kuka. A murza mata albasa, a mintsine ta, idonta a bushe. Da yake hawaye bai rufe mata ido ba, ita kaɗai take ganin abin da ke faruwa: wa yake kuka yana satar kallon akwatin ƙarfe, wa ya saka takalmin mamaci tun ba a binne shi ba. A kowane littafi sai yaran sun gano cewa ba yadda aka faɗa mutumin ya mutu ba. Kana dariya, tsikar jikinka tana tashi.

Mu shaida ne kan abin da littattafan nan suka yi wa unguwarmu. In an aiki yarinya niƙa, sai a same ta a layin baranda da roba a ka. Masu acaba suna kashe inji su tsaya jin yara suna ba Tica labari, fasinja yana ta faɗa. Har a wurin ta'aziyya sai ka ga yara sun jeru suna ƙare wa masu kuka kallo, kamar yadda nake ganin wasunsu suna yi mana yanzu. Iyaye sun kai ƙara cewa ana koya wa yara wasa da mutuwa. Tica ya ce, "Yaro ya san mutuwa tun kafin ku ɓoye masa. Ku bar shi ya yi dariya kaɗan, ya samu numfashi."

Dokarsa kuma tana nan. Ba a ba ka na biyu sai ka ba da labarin na ɗaya. Na bakwai kuwa, na ƙarshen, ba ya barin baranda ko kusa. A kan benci za ka karanta shi, Tica yana zaune yana kallonka. Cewa yake yi, "Ba na karɓar komai a wajenku. Ladana shi ne in ga fuskar mutum lokacin da ya kai ƙarshe."

Yanzu zan faɗi abin da ya shafi gidana, kuma da yawanku kun sani. Ɗana Muhammad Sani da matarsa sun rasu a hatsarin mota a hanyar Assakio, suka bar mana Muhibbat tana 'yar shekara tara. Ranar zaman makoki ba ta yi kuka ba. Tana zaune kawai, tana kallon ƙofa. Wata daga cikin masu gaisuwa, ban san ko wace ce ba kuma ba na son in sani, ta ce a gabanta, "Kai, wannan yarinya da busasshiyar zuciya take." Muhibbat ta tashi ta shiga ɗaki.

Sama da shekara biyu ba ta ƙetare ƙofar gidanmu ba. Daga ɗaki sai bayan gida, sai ta koma ta turo ƙyaure. In ta ji sallama, sai ta shige bayan gado. Makaranta ta tsaya. Mun yi addu'a, mun kira ma'aikaciyar asibiti har gida, mun yi lallashi, mun yi faɗa, mun koma lallashi. Kakarta, matata Dijatu, ta daina zuwa biki da suna, don ba ta iya barin ta ita kaɗai. Ni kuma in ina kasuwa hankalina yana gida, in ina gida na kasa zama, sai zagayen tsakar gida kamar akuyar da aka ɗaure. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma ta rataya mata zane. Yarinya ɗaya ce ta rufe kanta, amma mu uku ne muke ciki.

A daidai lokacin ne shi ma Tica ɓarin jikinsa ya shanye. Mutumin da ya saba zaga garin nan a kan keke ya koma sai an ɗauko shi daga gado zuwa kujerar baranda. Na je duba shi, ni da na je ba shi haƙuri sai na ɓuge da kai masa kukana. Ya saurara, sannan ya nuna kabad da hannunsa mai lafiya. "Ɗauki na ɗaya. Tura ta ƙarƙashin ƙofa. Kar ka ce komai."

Bayan 'yan kwanaki, ina alwala, sai na ji murya daga cikin ɗaki: "Tsoho, akwai na biyu?"

Na ce, "Akwai, Amarya, amma Tica ba ya bayarwa sai an ba shi labarin na ɗaya."

Can ta ce, "To zauna a bakin ƙofa. Ka buɗe kunnenka, ban son shirme."

Haka na zama ɗan aike tsakanin mutum biyu da ba sa iya fita, layi biyu kacal tsakaninsu. Ta ba ni labari ta bayan ƙyaure, in ɗauka in kai baranda. Kafin in isa rabinsa ya zube a hanya. Tica ya ce, "Mailafiya, mai gadi ne ya sa guba? Koma ka tambayo." In koma, ta ce, "Wayyo Tsoho, ka kunyata ni! Direban na ce maka, direban!" Da kunya ta ishe ni sai na fara karanta su da kaina, ina bin layi da yatsa kamar yadda ya koya mini. Ashe tarko ne. Doya tana jirana a Agyaragu, ni ina zaune ina son in san wa ya sace haƙorin zinaren mamaci.

Wata rana ta aike ni da tambaya: "Ka ce wa Tica, ƙaramar nan da ba ta kuka, muguwa ce?" Na kai. Ya ce, "Ka ce mata duk cikinsu ita ta fi son iyayenta. Kallo take yi, don kar wani abu nasu ya wuce ta." Na kawo amsar. A ranar na ga an ɗage zanen taga kaɗan.

Da muka gama na shida, na je karɓar na bakwai. Tica ya girgiza kai. Na ce, "Haba Tica, ka san halin da ake ciki." Ya ce, "Na sani. Benci yana nan, ni ma ina nan, ba inda zan je." Na roƙe shi har raina ya ɓaci. Muhibbat ta sa takalmi sau da yawa, ta zo har zaure, sai ta ji motsin mutane a waje ta juya da gudu. Muna cikin haka Tica ya rasu.

Bayan an share makoki na zo wajenki, Mama, kin tuna. Na ce mai dokar ya tafi, a ba ni littafin. Kika ce, "Baba, ba zan ba ka ba. Oga ya ce sai yarinya ya zo da ƙafa." Har saƙo na ba wani direba ya sayo mini irinsa a Abuja, na tura ta ƙarƙashin ƙofa. Ta turo mini shi waje a cikin ledarsa, ta ce, "Wannan ba na Tica ba ne." Shekara guda muna nan: littafi a kulle cikin kabad, yarinya a kulle cikin ɗaki.

Yau da safe na tsaya a tsakar gida ina bitar wannan jawabi da ƙarfi, don kar in yi tuntuɓe a gabanku. Na zo wurin da na rubuta: "Babu yaron unguwar nan da ya fara littattafan nan bai ƙarasa su a kan bencin Tica ba."

Sai na ji, "Tsoho, wannan ba gaskiya ba ne."

Na ce, "Ai mutum ɗaya ce kawai ta rage."

"Ɗaya ma mutum ce. A gaban Fasto da Liman za ka faɗi abin da ba haka ba? Ka goge."

Na ce, "Amarya, kin san wahalar da na sha kafin in rubuta layin nan? Ni dai ba na gogewa."

Sai ƙarar ƙyaure. Ga ta da hijabin da ya yi mata kaɗan, tana ƙifta ido saboda rana. Ta ce, "Wuce gaba. In ka waiwayo zan koma." Dijatu ta toshe bakinta da gefen zane. Na wuce gaba, ban waiwaya ba, kunnena yana kan ƙarar silifas ɗinta har barandar Tica. Mama ta ga mu, ta kwance makullin kabad daga bakin zanenta.

Mama Ngumimi, na ji haushinki a kan littafin nan, yau kuma ina gode miki a gaban jama'a. Kin riƙe maganar mijinki lokacin da mu duka muka so ki sake ta. Terseer, Hembadoon, mahaifinku bai bar muku gidan bene ba. Ya bar muku kabad da benci, da unguwa guda da ta iya faɗin abin da ta karanta. Kar ku ɗauke bencin nan. In ya karye, mu za mu gyara.

Muna godiya ga duk wanda ya taka ƙafa ya zo. Allah ya ba iyalin Tica haƙurin rashinsa, ya albarkaci abin da ya bari, ya raya zuriyarsa. Allah ya dubi duk wani maraya da ke bayan wata ƙofa a garin nan, ya aiko masa da wanda zai zauna a bakinta. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.

Saura abu ɗaya. Da Mama za ta taho nan, Muhibbat ta ce mata, "In na kai babin ƙarshe zan tsaya. Ai sai da mai kallo." Mama ta tambaye ta wa take so ya zo. Ta ce, "Duk wanda ya zo don Tica."

To jama'a, akwai ladan da Tica bai karɓa ba, mu za mu je mu karɓar masa. Barandar tana nan bayan wannan kwanar. Mu tafi a hankali, ban da guɗa, ban da ɗaukar hoto. Ku yara, wanda ya gaya mini ƙarshen labarin, ni da shi ne, don ni ma ban karanta ba. Kuma ina roƙonku, kar wanda ya ce komai a kan idonta. In ya jiƙe, nata ne. In ya bushe, nata ne.

Ranka ya daɗe, bismillah. Mama, ki shige gaba. Ku taso ku zo ku gani.